Tsofaffin Haya

Zakariya'u yana tsaye a ƙofar biro, wato ofishinsa, yana share gumi lokacin da motar haya ta shigo da tsofaffin. Bai ko dube su ba. Ya yi wa direbansa Ɗan'azumi alama da hannu ya zagaya da su ta baya, ya zaunar da su a rumfa.

Ƙungiyar da yake shugabanta a unguwar Kara-Kara ta ciyar da tsofaffin mata marasa galihu ce. Masu tallafi suna aiko da kuɗin hatsi daga waje, shi kuma yana mayar musu da hotuna da godiya. Hatsin kuwa tuni ya zama gidan siminti da mota kat-kat. Ana cikin haka aka turo mai binciken asusu daga Yamai, Madam Raudatu, wadda aka ce ko ruwan wanda take bincika ba ta sha.

Takardu ba su dame shi ba, ya iya yi musu kwalliya. Abin da ya hana shi cin abinci shi ne maganar da ta yi jiya, cewa takarda ba ta cin tuwo, ita mutane take son gani. In ta sa hannu, tallafi ya ci gaba. In ta ƙi, daga biro sai hannun jandarma, ga sunansa a bakin kowane mai shayi a Damagaram.

Shi ya sa ya tura Ɗan'azumi ya samo tsofaffi daga wajen gari, kowacce a yi mata alkawarin hatsi, a koya mata abin da za ta ce. Bai tambayi inda aka kwaso su ba.

"Tun a mota nake biya musu karatun," in ji Ɗan'azumi. "Amma kan tsofaffi, Shugaba, sai dai addu'a."

Wayarsa ta yi ƙara. Shatu ce, ƙanwarsa, tun safe take nemansa daga Mirriya. Ya san Shatu ba ta kira sai wani abu ya ƙare, shi kuwa laifinsa kawai shi aka fara haifa. Ya kashe wayar ya jefa aljihu.

Madam Raudatu ta ce ya fita, ɗaya bayan ɗaya za ta gan su. Ya koma gindin bishiya ya zauna, Ɗan'azumi yana laɓe a taga yana kawo masa labari. Ta farko ta ce shinkafa ake ba su. Wata ta ce ita dai Allah ya saka wa Gwamna. Wata kuma, ko kunya, ta tambayi Madam ko a nan ake raba hatsin da aka ce.

Zakariya'u ya dafe kai. Ya fara tunanin wanda zai riƙe masa yara.

Ta ƙarshe ta shiga, aka turo taga. Ta daɗe a ciki har aka kira azahar.

Da aka kira shi, ya tarar da Madam Raudatu idonta ya yi ja. Ta nuna masa kujera, abin da ba ta yi ba tun zuwanta.

"Na riga na yanke ba zan sa hannu ba," in ji ta. "Tsohuwar nan ta ƙarshe ce ta juya ni. Ta ce kowane wata kai da kanka kake kai mata buhu. Kana zama a tabarmarta, ka tambayi gwiwarta, ba ka tashi sai ka ga ta ci. Na ce ƙarya ce. Ta ce in dubi babban yatsanka na hagu, akwai tabon lauje."

Ya dubi yatsan. Tabon yana nan.

"Abu ɗaya ya ba ni dariya. Na yi juyin duniya ta faɗi sunanka, ta sunkuyar da kai ta ƙi. Sauran dai tsufa ne ya rikita su. Ka yafe mini zargin da na yi maka, mutane irinka sun yi ƙaranci."

Ta sa hannu. Ya so ya yi murna, sai kunya ta riga ta. Mutumin kirkin da aka siffanta ya yi masa kyau ƙwarai, ga shi bai taɓa zama shi ba ko na yini ɗaya. Ya yi godiya kansa a ƙasa, ya fita.

A bakin rumfa ya dafa kafaɗar direbansa. "Kai, ashe malami ne kai! Har da tabo?"

"Wallahi ban koya mata wannan ba, Shugaba. Ita ce ma ta fi kowa shiru a mota. Ta ce mini dai kwana biyu ba su ɗora tukunya ba, shi ya fito da ita."

Zakariya'u ya ce wannan da hannunsa zai sallame ta, kuma ninki za a ba ta. Ya cika tiya da hatsi har tana zuba, ya ratsa tsofaffin zuwa ƙarshen rumfa, inda take zaune ita kaɗai ta juya fuska ga bango.

"Tsohuwa, kin fitar da ni kunya. Kawo zanenki."

Ta juyo a hankali. Tiyar ta karkace a hannunsa, hatsin ya fara zubewa a yashi, ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige. Ita kuwa ta miƙo gefen zanenta ba ta ɗago ba, don tun da ta haife shi ba ta taɓa haɗa ido da shi a gaban mutane ba.