Shekara Biyu da Sunan Yaya

Baƙar tagar da ake buga wa kwamfuta umarni ta ƙi karɓar gyaran manhajar da na yi. Wai sai na faɗa mata ko ni wace ce.

"Yaya, zo ka ga rainin hankali!" na ƙwala wa wana kira. "Shekara biyu ina adana aikina da manhajar danne-danne, ba ta taɓa tambayar sunana ba."

Tsohuwar kwamfutarsa ce, ya bar min da ya daina rubuta manhaja ya koma sayar da kayan gyaran mota. Yau na girka manhajar umarni kusa da ta danne-dannen, don in riƙa bugawa da hannu kamar ƙwararru.

Ya shigo yana goge hannu. "Kira tarihin aikin mu gani."

Layuka suka zubo: gyara ɗari uku da na tura wa ƙungiyar masu gina manhajar asibitoci kyauta, kowanne ɗauke da sunan Yaya. Ashe bai taɓa fita daga asusunsa ba.

Ya dafe kai, sai ya fashe da dariya. "Shi ya sa! Sau uku shugabar ƙungiyar nan tana aiko min da takardar ɗaukar aiki. Na zaci 'yan damfara ne, ni da ke sayar da birki!"

"Yaushe ta ƙarshe ta zo?"

"Shekaranjiya. Amsa suke jira zuwa gobe!"

Ya hau laluben wayarsa don ya sanar da shugabar cewa aikin nawa ne. Ni kuwa na ja kujera, na buga sunana harafi bayan harafi.

Tagar ta karɓa.