Wayar da ta Daina Ƙara

Ta yi sallama a ƙofar shagon gyaran waya, mai gyaran ya amsa bai ko ɗago ba. Kwana huɗu ke nan da ya tura mata saƙo yana neman izinin turo magabatansa, amsa ta dawo masa: "Kada ka sake nema na."

"Malam, wayata ta daina ƙara in saƙo ya shigo," ta ce, tana gyara mayafi. "Kai ma kuma ka yi ɗif."

"Ni na yi ɗif?"

Ya daɗe yana dubanta kafin ya karɓi wayar. Ya gwada sauti, lafiya lau. Da ya shiga cikin manhajar saƙonni, sai yatsansa ya tsaya cak.

"Wa ke da kwamfuta a gidanku?"

"Yaya ne. Lafiya?"

"An haɗa ta da wayarki. Can ake fara buɗe saƙonki, a goge."

Ya nuna mata amsar a tasa wayar. Ta karanta sau biyu.

"Innalillahi. Wallahi ba ni na rubuta ba."

"To da ke ce, me za ki ce?"

Ta sunkuyar da kai. "Ka turo su."

"In cire kwamfutar?"

"Kar ka taɓa! Zai gane na sani."

Sai wayarsa ta yi ƙara a kan tebur. Sunanta ne ya fito, alhali tata tana hannunsa. Suka karanta tare: "Ka ce mata ta dawo gida yanzu."