Matar Joselito Ta Ƙi Kuka

"Ki yi kuka mana, Doña Etelvina. Ko na ƙarya ne ki matso shi."

Yuranis ce, malamar rawar unguwa, tana tafiya da baya-baya tana tafa wa mata hannu don kada ƙafa ta saɓa wa ganga. Etelvina ta gyara baƙin mayafinta, ta ci gaba da bin akwatin gawar, gorar ruwa a hannu ɗaya, carbi a ɗayan.

Talata ce, ranar ƙarshe ta bikin shekara na birnin Barranquilla, ranar da kowace unguwa ke fito da gawar Joselito, mutumin da rawa da giya suka kashe. A kwantar da namiji mai rai a akwati, a shafe masa fuska da farar hoda, a cusa masa auduga a hanci, mata su sa kayan takaba su bi shi da kururuwa, kowacce na rantsuwa ita ce matarsa. A gaban alƙalai makaɗi ya doka babbar ganga, mamaci ya yi wuf ya tashi ya kama rawa. Unguwar da ta fi ba mutane dariya ita ke tafiya da kofi.

Tun kafin Kirsimeti matan ke haɗuwa da sassafe a filin ƙwallo. Ajin rage teɓa ne da hawan jini, amma da biki ya ƙarato sai Yuranis ta mai da shi ajin takaba: yadda ake suma a kan kiɗa, yadda ake birgima ba tare da an karya ƙugu ba. Etelvina aka ba babban kuka, na gaban alƙalai, tunda mijinta Wilfrido ne Joseliton unguwar shekara da shekaru. A wajen gwaji ta yi shi har sai da mai sayar da lemo ya riƙe ciki.

Yau kuwa idonta ƙamas.

"Ƙawata, yau mijinki ya gama da su," in ji Nohemí maƙwabciyarta, tana haki, kwalli ya zubo mata har haɓa. "Ƙuda ya sauka masa a leɓe, ko gezau. Bara fa sai da ya mintsine ni a cinya, tsohon banza."

"Ya shiryu," in ji Etelvina.

Masu ɗaukar akwatin su ma sun sha sun yi tatil. Na gaba ya buga katakon da tafin hannu. "Wilfri, ka rage cin soyayyen alade. Kafaɗata ta kusa cirewa."

Jama'ar bakin titi suka kwashe da dariya. Wata mai tuyar masa ta nuna Etelvina da cokali. "Ku dubi waccan, ko ɗigon hawaye. Da gani ita ta gaji gidan."

Rana ta take. Irin ranar da likita ya ce wa Wilfrido ya guje mata ke nan, shi da giya da hayaniya, in dai yana son zuciyarsa ta kai shi baɗi. Da safen nan Etelvina ta ajiye masa ƙwayoyinsa kusa da kofin shayi, ta ce ya bar wa yara akwatin bana. Ya ture ƙwayoyin gefe yana shafa hoda a gaban madubi.

"Biki ba ya tsayawa don wani, mace."

Ta san maganar. Ita ya faɗa mata a barandar asibiti, a wata Asabar ta biki, ranar da zazzaɓi ya ɗauke musu 'yarsu Marelvis tana 'yar shekara shida. Ya zo da fenti a fuska, ya leƙa ɗakin, ya share ido da hannun riga, ya ce abokan rawarsa na jiransa a layi. Yarinyar ta kwana huɗu a ɗakin sanyi na ajiye gawa, don ya ce ba mai zuwa jana'iza ana kiɗa a gari. Sai Larabar toka, washegarin ƙarewar biki, aka binne ta. Etelvina ba ta taɓa tayar da zancen ba. Ta dafa masa abinci, ta goge masa rigunan biki, kowace shekara ta kunna kyandir ɗaya a coci ta dawo ta ɗinke masa abin da ya yage.

Rumfar alƙalai ta bayyana a ƙarshen titi. Mata suka ƙara murya. Nohemí ta zube a kwalta ta shure takalmi, wata ta rungume akwatin tana tambayar wa zai biya mata kuɗin gyaran gashi yanzu.

Yuranis ta matso. "Don Allah, Doña. Kullum mu ne na biyu. Matan nan sun bar 'ya'yansu da asuba sun zo gwaji. Ki tuna wani abu mai ciwo."

Etelvina ta ci gaba da bin akwatin. Leɓunanta na motsi, yatsunta na jan carbi.

"Ko ba ki da lafiya ne? In tsayar da su?"

"Ba a tsayawa," in ji Etelvina. "Biki ba ya tsayawa don wani."

Aka sauke akwatin a gaban alƙalai. Mata suka ja baya suka buɗe mata fili. Ta tako ta tsaya a kansa, ta gyara masa kwalar riga, ta ajiye gorar ruwan a gefen hannunsa, cike yadda ta fito da ita daga gida. Ba kuka, ba birgima. Wani alƙali ya yamutsa fuska ya sunkuyar da kai. Yuranis ta ciji yatsa, ta yi wa makaɗi alama ya tashi mamaci ko a ceci abin da ya saura.

Makaɗi ya ɗaga gula sama. Kowa ya zuba wa akwatin ido yana jiran tsalle, ban da Etelvina, domin tun a kwanar titi ta farko, da ta sunkuya za ta ba shi ruwa, ita da hannunta ta rufe masa idanu.