Mesa Ta Fi Kura Riƙo

Ramatu ta watsa wuri huɗu a kan tabarma, uku suka kife. Kura ta sake faɗuwa ke nan.

Kwana biyar suna wannan wasa a gindin dogonyaro a unguwar Banifandou, su uku, manya da su: ita, da ƙanenta Halidu ɗan kokawa, da tsoho Jibo maƙwabcinsu. A shekarar farin nan sojoji ba sa son ganin taro, amma wa zai ɓata takalminsa kan mayunwata masu wasa da tsakuwa?

Wasan ba wuya. Gwangwani shi ne mangaza, wato ɗakin ajiyar hatsi, farar tsakuwa mai gadi. Baƙar kuwa boka ne mai rikiɗa, na Halidu, kuma sai ya kayar da mai gadi kafin a taɓa ƙofa. Ya zama kura, mai gadi ya kwarma ihu. Ya zama ɓauna, ƙarar kofato ta fito da bariki kaf.

A cikin gida, Delu 'yar Ramatu ta daina kuka tun shekaranjiya, kuma shirun nan ya fi kukan tsorata uwar. Hatsin taimako yana can a kulle a mangazar da ke kusa da bariki, kullum motar wani ɗan kasuwa tana rage shi.

"Kai dai ƙarfi gare ka, ba dabara," in ji Jibo. "Rikiɗe mesa. Ta baya, hannu a baki, ka naɗe shi ta hagu. Kafaɗar nan tasa ta taɓa gocewa."

"Baba, in ta karye fa?" in ji Halidu.

"Ta karye mana! In sojoji suka tarar da shi lafiya lau, cewa za su yi da shi aka haɗa baki. Ka san inda suke kai irin waɗannan."

Halidu ya ɗora baƙar tsakuwa a kan fara. Ramatu ko jefa wurin ba ta yi ba. Tsoro da kunya sun haɗe mata, sai share hawaye take yi da bakin zane.

Aka kira la'asar. Jibo ya miƙe da ƙyar, ya karkaɗe rigarsa.

"Gobe aikin rana gare ni. Da tsakar rana, in zafi ya kori kowa inuwa. Kada ka ji tausayina, ɗana," ya ce, ya rataya makullan mangazar a wuya, ya kama hanyar aiki.