Matuƙin Jirgin Yawuri da Sautun Mutanen Unguwa

Kai da ba ka iya ce wa kowa a'a, har bukatarka ta kwana a waje ta mutane ta kwana a ɗaka, zauna ka ji misalin wani matuƙin jirgin ruwa a Yawuri. Tun yana saurayi yake fiton mutane da buhunan albasa, har furfura ta cim masa a kan ruwa. Sai idanunsa suka fara dushewa daga gefe, likita kuma bai ɓoye masa ba, ya ce ciwon ba mai komawa baya ba ne, in akwai abin da yake son gani ya hanzarta. Akwai kuwa. Fatake masu saro kaya sun sha ba shi labarin Bankok, birnin da kogi ya ratsa tsakiyarsa, inda ma'aikata ke hawa jirgin ruwa zuwa ofis kamar yadda ake hawa bas. Ya sayar da injin jirginsa, ya bi ayarin fataken a jirgin sama, a kujera mafi araha, da guzurin garin rogo da ƙuli-ƙuli a jaka.

Ka san halinmu da matafiyi. Kafin ya ɗaura jaka, duk unguwa ta ji, sautu ya yi ta zuba: wannan takalmi, waccan mayafi, wani agogo, wata ma tukunyar dafa shinkafa mai aiki da lantarki. Kowa ya ƙulle kuɗinsa a leda ya danƙa masa, babu wanda ya tambaye shi abin da zai kai shi. Shi kuma kunya ta hana shi buɗe baki, ya karɓa yana cewa Allah ya kai mu.

Da suka sauka, fataken suka kama otal, shi ya samu gado a wani ɗakin haya mai gadaje hawa-hawa, cikin samarin Turawa masu yawon duniya da jaka a baya. Bai damu ba, barci ne dai. Abin da ya dame shi kasuwa. Kullum da safe madugun ayarin zai ja shi cikin wani makeken gini marar taga, bene kan bene, shago na bin shago, fitilu na soka masa ido. Yana laluben lambar takalmin matar maƙwabci, ana nuna masa farashi a na'urar lissafi, har yamma ta yi. Kwanakinsa suka tsiyaye a haka, ko ƙamshin kogin bai ji ba, sai ga shi saura yini guda jirgin komawa gida ya tashi, sautun kuwa ko ɗaya bai kai ga saya ba.

Ran nan ya tsaya a ƙofar ginin ya ƙi shiga. Madugu ya ce, “Haba Baba, amanar mutane fa! Me za ka ce musu in ka koma?” Ya ce, “Alhaji, in mayar musu da ledojinsu yadda suka ƙulle su. Injina na sayar na zo, ba na wani ba. Duk mai son takalmi yana da ƙafar zuwa Kano.” Ya juya ya yi tafiyarsa.

Da nuni da hannu ya tambayi hanya har ya kai bakin ruwa, ya shiga jirgin talakawa, ya ƙi zama, ya tsaya can baya wurin mai ɗaure igiya. Ga ruwa ja kamar na gida da damina, ga kainuwa tana yawo abinta, ga kwale-kwale masu dogon inji suna tsaga ruwa kamar an koro su. Ya ga mai igiya yana yi wa matuƙi magana da usur kawai, jirgi ya matso, ya ja baya, ya manne da gaɓa ba tare da an yi ihu ba, sai ya yi dariya shi kaɗai don daɗi. Ya ga rufin gidajen ibada yana walƙiya kamar zinariya, da wata hasumiya da aka yi wa ado da fasassun tangaran, da tsofaffin gidajen katako a kan turaku a gindin benaye masu taɓo gajimare. Jirgi ya kai ƙarshen zango, ya sake biya ya dawo, ya sake komawa. Garin rogonsa ya jiƙa a leda ya ci a tsaye, don kada ya sunkuya wani abu ya wuce shi. Ya yi hawaye, kuma bai ji kunyar kowa ba.

Da ya dawo gida ya bi ƙofa-ƙofa yana mayar da ledoji. An zage shi iya zagi, aka ce tsoho ya je har bangon duniya ya dawo hannu rabbana, mai tukunyar lantarki ma ta daina gaishe shi. Kafin damina ta zagayo, idon ya rufe gaba ɗaya. Yanzu yana nan a mashayar bakin kogi a kan tabarma, in wani ya tsokane shi da zancen sautu sai ya ɗaga kai ya ce, “Takalmin da ban sayo maka ba, da yanzu ya tsinke. Ni kuwa ko yanzu ina kallon kogin nan, zo ka ƙwace in ka isa.”

To ka ji. Da ya biye wa kunya, da ya shiga duhu da lambar takalmin matar wani a ka. Shi ya sa Hausawa suka ce, so duka so ne, amma son kai ya fi.