Kuɗin Auren Lauyoyi

"Bethan, zauna. Maganar kuɗin aure ce," in ji saurayinta Callum, kansa a ƙasa.

Ta ajiye shayinta, murmushi na neman ƙwace mata. "To, sarkin jinkiri, ina jin ka."

"Gidan nan nawa ne, amma filin na haya ne, kuma wa'adin da ya rage ya gaza shekara tamanin. Kafin a tsawaita, sai na biya mai filin wani ƙari, shi lauyoyi ke kira kuɗin aure. Ba ni da shi. Sayarwa zan yi, in bar London."

"Mu bar London dai."

Ya ƙi ɗagowa. "Ɗakin mutum ɗaya na kama, Beth."

Ta kalle shi, idonta ya ciko.

"Ashe har gini an yi wa maganar aure, ban da ni."