Baba a Kan Dutsen Muƙaɗɗam

Ina yaro muna zaune a Abbasiya, Baba ya hau da ni dutsen Muƙaɗɗam mu hango Alƙahira. Mutum ne da ko direbobin bas ke shakkar muryarsa.

Na ruga bakin dutsen ina ihu, "Baba, ga unguwarmu can!"

Da na waiwaya sai na gan shi yana rarrafe, farar jallabiyarsa duk ƙasa. Ashe jiri ke ɗibarsa a wuri mai tsayi. Haka ya ja jiki har ya cafke ƙafata.

Ya ce, "Don Allah, ɗana, matso baya. Na kasa miƙewa."

Yau na girma ina kasuwanci, manya da yawa sun roƙe ni, ko a jikina. Wannan roƙon na Baba kaɗai ke tsorata ni har yanzu.